Sunan da Na Sa Aka Cire Daga Waƙar Magagi

Filinge, Laraba, 13 ga Nuwamba, 1957

Yau na tashi da ɗan sauƙi. Tarin ya bar ni na yi sallar asuba a tsaye, ƙafafun ne dai har yanzu a kumbure, hannun dama kuma yana rawa. Idan rubutun ya karkace, laifin hannun ne. Lokotoro ya ce in rage gishiri, in daina yawan tunani. Na dai rage gishirin.

Zuwa gare ki, Habsa, uwar A'isha, ruwan farko na damina, inuwar gawo a tsakiyar rani, madarar safe da ba a taɓa da ruwa ba! Ke ce sanyin rijiyar Dallol ga wanda ya yini a kan tudu, ke ce ƙanshin sabon gero ranar da aka fara tumu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da kika tafi Bonkuku, wai kwana arba'in za ki yi ki taya A'isha jego. Ba mu yi faɗa ba, ban sake ki ba, ba ki kuma nemi saki ba. Kin dai zauna can, ni kuma girman kai ya hana ni zuwa biko. Ina kwananki, hasken idona? Yaya gwiwar nan taki da ke ciwo in hadari ya haɗu?

Mushe Alhassan, ko in ce Malam Alhassan, malamin lakkol, wato makarantar boko, na san kai za a kira ka karanta mata. Don Allah kada ka tsallake komai saboda kunya. Tsohon da ya rubuta ya riga ya ci tasa kunyar. Ka karanta a hankali, kunnenta na hagu ya fi ji.

Habsa, kin tuna ranar da muka fara ganin Magagi mai goge? Yau duk ƙasar Kurfai, daga Sanam har Baleyara, ba yaro ba babba da bai san sunansa ba, amma a lokacin saurayi ne siriri mai riga ɗaya. A Shikal ne, da kaka, bayan la'asar, a filin kokawa. Ni kuwa sabon tafintan kumandan ne, Baturen mulki, na fito daga lakkol da wandon Turawa da taƙama cike da ciki. Ya zauna a gindin gawo, ya ɗora ƙwaryar gogen a cinya, ya ja bakan sau ɗaya, sai 'yan kokawa suka saki juna. Wallahi na ga ƙato ya saki ƙafar abokin karawarsa yana sauraro, baki buɗe! Ban taɓa jin abu ya yi kuka irin na mutum haka ba.

Sai ga ki kin fito daga rijiya da tulu a kai. Kika tsaya. Kika sauke tulun ko ɗigo bai zube ba, kika ɗaure gyale a ƙugu, kika shiga fili. Wa ya koya miki wannan rawa, barewar Dallol? Wa ya gaya wa ƙafafunki abin da gogen zai faɗa tun bai faɗa ba? Nan take Magagi ya ƙaga waƙar: “Ajiye tulu, Habsa, ƙasa na kiranki, Kurfai ta bar aiki ta tsaya kallo.” Kafin a gama sussukar geron shekarar, mata na daka da ita, makiyaya na kora shanu da ita. Ni kuma na rasa barci, na rasa ci, sai da na aure ki.

Daga nan sai ki saurara da kyau, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Wata huɗu da aurenmu, muka je bikin gidan Dodo maƙeri. Magagi ya ja waƙarki, kika miƙe kina murmushi, hannunki ya riga ya kai ga gyale. Da ya zo wurin suna, sai ya ce “Muna”. Ajiye tulu, Muna. Kika tsaya kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi. Mata suka juyo suna kallonki. Kika gyara gyalen kamar dama abin da kika tashi yi ke nan, kika koma kika zauna. A hanyar gida kika ce mini, “Maigida, me na yi wa Magagi?” Na ce miki, “Maroƙa haka suke, yau ke, gobe wata.”

Ƙarya na yi miki, sanyin zuciyata. Ni ne. Ni na sa ya cire.

Kwana shida kafin bikin na ja farin dokin da babana ya bar mini, wanda na ce miki na sayar a Baleyara, na kai shi ƙofar Magagi. Na ce ya ɗauke sunan matata daga bakin mutane, kuma ya rantse ba zai taɓa gaya miki dalili ba. Ya daɗe yana duban dokin, sannan ya dube ni. Ya ce, “Ɗan lakkol, mutane na kawo mini doki don in sa suna a waƙa. Kai ne na farko da ya kawo don in cire. Abin da ake koya muku ke nan a can?” Na ce ba karatu na zo ɗauka ba. Ya ce, “To wane suna zan sa?” Na ce kowanne. Ya yi dariyar da babu daɗi a cikinta, ya karɓi linzami.

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina cewa tsare ki na yi. Wai kada kumandan ya ji waƙar ya ce a kawo masa mai rawar ya gani. Habsa, kumandan ɗin nan bai san Hausa ba sai “kawo” da “maza”, kuma duk abin da ya ji ta bakina yake ji. Gaskiyar ita ce, gardawan bariki, dogaran kumandan, su ne suke rera ta in na wuce, suna ɗaga mini gira, ni kuma ba na iya jure a ce wani namiji ya furta sunanki da daɗi a bakinsa. Kishi ne tsirara. Na ga abu mai kyau da Allah ya ba gari duka, na ce nawa ne ni kaɗai, sai na tone rami na binne.

Kin tuna ƙwaryar fura da zanen saƙi da kika aika masa, don in kin yi masa laifi ya yafe? Ya maido su ko taɓawa bai yi ba. Kika yi kuka a bayan rumbu, kina cewa ashe ƙiyayyar ta kai haka. Ba ƙiyayya ba ce, kunyarki ce ta hana shi ci. Ina tsaye a zaure ina jin kukanki. Taku goma ne tsakaninmu, ban yi ko ɗaya ba. Tun daga ranar ba ki ƙara rawa ba, ko a bikin ɗiyarki.

Ni kuwa, kin san abin da na yi? Na ci gaba da bin Magagi kamar maraƙi a bayan uwa! Duk inda aka ce zai yi wasa, ina can. Ke da kanki kin sha yi mini guzuri, kina cewa, “Je ka, ni dai na ƙoshi da goge.” Ba zan ɓoye miki ba, ina son kiɗan mutumin nan har cikin ƙashina. In ya ja bakan nan, sai in manta bariki, in manta ƙaryar da na fassara da safe, in manta har da kaina. Amma duk daɗin yana da ƙaya guda a tsakiya. Wata rana a Sanam ya kira ni gefe, ya nuna mini tsirkiyar gogen, fara sol. Ya ce, “Ka gane ta? Izgar dokinka ce. Da ita nake kiran Muna.”

A shekarar fara, lokacin da yunwa ta kori rabin Kurfai zuwa kudu, na same shi a kasuwar Baleyara da rana tsaka. Kasuwa babu hatsi, sai mutane zaune a ƙasa, idanu sun faɗa. Shi ma ya rame, wuyansa kamar kara. Ya hana a ba shi komai. Haka ya yini yana yi musu kiɗa, tsofaffi suna share hawaye, wata mata da ba ta iya tsayuwa tana kaɗa kai. Ban taɓa jin ya yi wasa kamar na ranar ba, kuma ban ƙara ji ba. Da ya zo waƙarki, ya hango ni cikin taro. Ya ce “Ajiye tulu”, sai ya tsai da bakan. Ya zuba mini ido, yana jira. Ɗaga kai kawai zan yi, Habsa, ɗaga kai kawai! Sai na sunkuya ina duban takalmina. Ya ce “Muna”, ya wuce.

Wace ce ma Muna? Babu ita. Amma wata mata a Sanam mai wannan suna ta ce don ita aka yi, har baƙi suna zuwa ganinta, ta tsufa ana nuna ta da yatsa. Iyaye suka riƙa sa wa 'ya'yansu Maimuna don a kira su Muna. Har abin ya shigo gidanmu. Ranar sunan jikarmu a Bonkuku, da liman ya faɗi sunan, mata suka ɗau guɗa suna rera waƙar. Na leƙa na gan ki riƙe da jaririyar, kina jijjiga ta, kina rerawa tare da su a hankali. Waƙarki, da sunan wata, a bakinki! Ƙasa ba ta tsage na shige ba. Na ci naman suna, na hau mota na dawo Filinge. Ke kuma ba ki biyo ni ba. Ban sani ba ko wani abu kika gani a fuskata ran nan.

Saura guda, kuma ya fi sauran muni. Shekara bakwai da suka wuce wani Bature ya zo Yamai da na'urar ɗaukar murya, aka kai Magagi, aka kira ni in rubuta baitocin in fassara. Baturen ya tambaye ni ko Muna mace ce ta gaske. Magagi yana zaune, ya kau da kai. Alƙalami a hannuna, takarda fara a gabana, ba gardi, ba kumandan, ba wanda zai ɗaga mini gira. Na rubuta Muna. Yanzu faifan yana kantin bakin kasuwa, kullum sai an sa shi, iska tana kawo mini har gado.

Watan jiya aka kawo Magagi Filinge sunan jikan ƙanensa. Ya makance, Habsa. Jan hannunsa ake yi. Muryar ta koma rabi, yatsun ne kawai ba su tsufa ba. Na sa aka ɗora ni a jaki aka kai ni. Da taro ya watse na durƙusa gabansa, tun ban yi magana ba ya ce, “Ɗan lakkol, tarinka ya riga ka sallama.” Na ce ya maido sunan. Ya ce, “Dokin ya mutu tun tuni, rantsuwar ce ta ƙi mutuwa. Shekara arba'in da huɗu baiwar Allah nan tana ganina mugu. Zan je ƙofarta in rera da sunanta, amma ba zan je a matsayin mai laifi ba. Kai mutumin takarda ne. Rubuta abin da ka yi, in kai da hannuna, a karanta mata kafin in taɓa goge.” Gobe Alhamis zai iso daga Sanam a motar Idi direba, ya kwana wurina, ya wuce Bonkuku da wasiƙar nan. Da ƙafafuna za su kai ni, da tare za ki gan mu.

To ga ni, tauraruwar Kurfai, kurciyar da na karya wa fiffike don kada ta tashi a gan ta. Me zan roƙa? In ce ki dawo? Wane ɗaki za ki dawo, wanda gara ta ci rabinsa, da tsohon da ba ya iya ɗaga buta? In ce ki yafe? Da wane baki? Abu guda nake roƙo. In Magagi ya ja bakan a ƙofarki, kada ki shige ɗaki. Ki fito. Ki tara A'isha da jikokinki da matan unguwa, su ji wadda aka yi wa waƙar. In gwiwar ta yarda, ko taku ɗaya ne ki yi. Bayan nan ki tsine mini in kin so, zan karɓa da hannu biyu, domin ko tsinuwar ma muryarki ce, kuma na yi shekara goma sha ɗaya ina ƙishinta.

Ban taɓa duban wata mace ba, kin sani. Son da na yi miki son ɓarawo ne, amma bai taɓa raguwa ba, ba kuma zai ragu ba har a juya fuskata gabas a rufe.

Naki, da laifinsa da sonsa,
Kailu, tsohon tafinta

Asabar.

Na buɗe takardar don in ƙara wannan. Alhamis na sa aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka dama fura. Motar ta iso bayan azahar da buhuna da awaki, babu Magagi. Idi ya ce ya tsaya ƙofarsa ya yi ta danna odar mota, ba wanda ya fito. Jiya ma na yini a bakin ƙofa. Wani ya ce ba shi da lafiya, wani ya ce an kai shi ƙauye, ba mai tabbas.

Idan ya riga ni, to ba wanda ya san maganar nan a duniya sai ni da takardar nan. Ba zan ɓoye miki ba, ɗazu na riƙe ta a bakin murhu har gefenta ya yi baƙi, za ki ga wurin. Na janye ta. Idi zai bi ta Bonkuku yau, na ce ya sa ta a hannunki. Za ta iso gare ki babu goge, babu waƙa, laifin ne kaɗai. Ga shi can yana oda. Magagi dai bai zo ba.