Ladan Maƙeri Sai Kaka

Gazawa, watan Yuni

Zuwa ga Gwaggo Zulai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da matan ƙungiyarku ta Gidan Rumji. Baba yana gaida ƙanwarsa.

Tunda kin ce saƙon murya iska ne, ga takarda ta hannun Labo direba, tare da babbar wayarku, wato tablet ɗin da kika aiko in duba. Albishirinki! Idon Gona, manhajar da na ƙirƙira, yanzu tana aiki a kanta. Hoto ya daina kwanciya a karkace, rubutu ya yi manya. Ku ɗauki hoton ganyen da ya kamu, za ta faɗa muku da Hausa ko wace cuta ce, da maganinta. Mata goma za su iya kewaye ta ba tare da sun gwara kai ba.

Akwai kuma sabon tsari. Watan farko kyauta ne, daga nan sai kuɗin wata, jika guda, wato sefa dubu ɗaya, ga kowace tablet. In ba a biya ba, tana rufe kanta. Haka ake yi ko'ina a duniya.

Ɗanki,
Mujahid

Gidan Rumji, watan Agusta

Ɗana Mujahid,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya yi gyara. Ka gaida yayana.

Gaisuwar ta isa haka, don raina a ɓace yake. Abin nan naka mun yaba shi. Har mata daga Tibiri sun zo kallo, ni kuwa ina ta baza hanci ina cewa ɗan yayana ne ya yi. To waken gonar ƙungiya ya fara fure, sai ga wani abu yana murɗe ganyen, furen na zuba, ba mu taɓa ganin irinsa ba. Malamin gona ɗaya ne ga ƙauyuka barkatai, ba a san ranar zuwansa ba. Muka taru bakin gona, Habi ’yar ƙungiyarmu ta ɗaga wayar, sai muryar nan taka mai zaƙi ta ce wai mu biya tukuna.

Basira, ita ma ’yar ƙungiya, ta dube ni ta ce, "Zulai, ɗan naki shina da hankali kuwa? Wa ad da jika cikin watan ga?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Waken nan shi ne irin da mata talatin za su shuka baɗi. Ka buɗe mana.

Gwaggonka,
Zulai

Gazawa

Gwaggo,

Ina gaisuwa, kuma ina ba ki haƙuri. Wallahi takardarki ta hana ni cin abinci. Amma ki duba nawa uzurin. Ni kaɗai nake aikin nan, ba kamfani a bayana, ba gwamnati. Hotunan da kuke ɗauka suna zuwa wani rumbu ne da nake haya a intanet, masu shi kuma ba ruwansu da damina, wata na ƙarewa suke miƙo hannu. In na buɗe muku, dole in buɗe wa mutanen Agiye da na nan Gazawa, don kukanku ɗaya. Baba ya riga ya ce in abin bai ciyar da kansa ba, in ajiye shi in dawo shago. Ba zan iya yin sa kyauta ba, Gwaggo. Mutuwa zai yi.

Ki huta lafiya.
Mujahid

Gidan Rumji

Mujahid,

Lafiya lau muke, waken ne ba lafiya.

Wa ya ce maka kyauta? Ka taɓa ganina da ƙoƙon roƙo? Kai dai lakol, makarantar bokon nan, ta sa ka manta gidan da ka fito. Ubanka ya bar maƙera ya kama shago kafin a haife ka, shi ya sa. To bari in gaya maka yadda kakanka Baƙo yake aiki.

Da bazara manoma ke cika masa rumfa, wannan hauya, wancan gatari. Ba mai ba shi ko dala. Shi ke neman ƙarfe, shi ke ƙona gawayi, mu ’ya’yansa mu sha zuga har hannu ya mutu. Sai kaka ta yi, kowa ya ɗauko daminsa ya dire masa a ƙofar gida. Wanda gonarsa ta yi kyau ya ƙara, wanda tasa ta ƙi a bar shi sai baɗi. Akwai shekarar da ya sayar da jakinsa don ya sayi ƙarfe. Amma ban taɓa ganin ya bi mutum gona ya ƙwace hauya ana tsakiyar noma ba.

Abin da ka ƙera hauya ce, ko da ba ta da ƙota. "Ko'ina a duniya" ɗin da kake faɗi, ban san lokacin da suke samun kuɗi ba. Mu nan sai kaka. In ka yarda da mu, to. In ba ka yarda ba, gaya mini in daina yi wa mata alkawari.

Gwaggonka

Gazawa

Gwaggo,

Barka da war haka. Ku hau tudun da kuke samun layi ku kunna manhajar, a buɗe take. Na buɗe wa kowa, waya da tablet, daga nan har Gidan Rumji.

Na soke kuɗin wata. Biya sau ɗaya ne a shekara, bayan an kai amfanin gona gida, da kuɗi ko da tiyar hatsi. Na cire makullin gaba ɗaya, don kada wata rana tsoro ya sa in mayar da shi. Babur ɗina kuwa ya bi sawun jakin Baƙo, na sayar da shi ranar kasuwa. Zai riƙe rumbun har kaka.

Baba ya yi faɗa, ya ce manomi da alkawari sai Allah. Da na karanta masa takardarki sai ya ce jakin nan ai shi ya ja shi zuwa kasuwa yana kuka. Tsoro ina ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba zan koma shago ba sai na ga ƙarshen abin nan. Ku hanzarta da hoton waken.

Ɗanki,
Mujahid

Gidan Rumji, watan Nuwamba

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. An gama roron wake. Gefen gabas ya tafi, don mun makara da feshin ruwan ganyen dogon yaro da abin naka ya ce mu yi. Sauran ya tsira, irin baɗi yana cikin rumbu.

Ranar Juma'a na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ban aika kiran kowa ba. Basira ce ta fara zuwa, tiyarta har da tozo. Habi ba ta kawo komai ba, geronta bai yi ba bana, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Labo zai sauke maka kayan a tasha. Ka nemi amalanke, sun fi ƙarfin babur, dama ba ka da shi. Kada ka aiko mini da godiya. Ladan maƙeri ne.

Gwaggonka,
Zulai ’yar Baƙo