Rumfar da Ka Aiko Ta Hagu Take Buɗewa

Unguwar Television, Kaduna.
Laraba, saura mako biyu Ista.

Zuwa ga ƙanena Godwin,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da iyalinka, kuma sanyin Ingila bai matsa muku ba. Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya. Matata Scholastica tana fama da gwiwa, amma da sauƙi. Baba yana cin abinci sosai, sai dai hannun daman bai dawo ba har yanzu, magana kuma a hankali take fita. Kullum da safe sai ya tambayi saura kwana nawa mu tafi ƙauye buɗe dutsen kabarin Mama.

Ban saba rubuta maka wasiƙa ba. Na zauna na rubuta ne don in na kira ka a waya a halin da nake ciki, zan faɗi abin da ba zai gyaru ba. Ka san gidanmu na ƙauye ba rufi, kwana uku kuma za mu yi a can, bas ɗina shi ne ɗakin Baba. Likita ya ce kada rana ta dake shi, kada ruwa ya taɓa shi. Shi ya sa na ce zan haɗa rumfa a jikin motar. Sai ga kwalin rumfa daga wajenka. Da farko har na ji daɗi. Amma ranar da 'yar'uwarmu Lizzy ta kawo shi shagona, ta kunna saƙon muryarka ba ta san abin da ke ciki ba. Da kunnena na ji kana cewa kada a bar Yaya ya lulluɓe Baba da tampol irin na 'yan tirela, ya kunyata mu a gaban mutanen gari. A gaban ma'aikatana, Godwin.

Bari in tuna maka, tunda nisa ya sa ka mantuwa. Ranar da aka rufe masaƙa a Kakuri aka sallame mu, da keken ɗinki ɗaya na zauna a gindin mangwaro a Makera. Ba wanda ya ɗaga ni. Yau kekuna shida ne, kuma daga Legas zuwa Maiduguri akwai motocin da tampol ɗina ke rufe da kayansu. Aji biyar na sakandare na gama, ban je jami'a ba, amma wannan tampol da kake ƙyama shi ya kai ka can.

Duk da haka na haɗiye, na kai bas wajen Malam Ɗahiru mai walda mu ɗaura rumfarka. Muna buɗewa ya fashe da dariya, ya ce ai wannan ta hagu take buɗewa. Ƙofar bas ɗina tana dama! Ku can ta hagu kuke tuƙi, aka yi muku rumfa daidai da hanyarku. Ka zauna ka zaɓi launi, ka zaɓi mai tsada, amma ba ka ɗaga waya ka tambaye ni ta ina ake shiga motar ba. Ba ta juyuwa kuma, mun gwada. Ma'ana in ruwa ya sauko, sai na ɗauki tsoho a hannu na zagaya da shi bayan mota. In mun tsaya ya huta a hanyar Kachia kuwa, a tsakiyar titi zan shimfiɗa masa inuwa, tirela na wucewa.

Na ce dai kada a ce baƙin ciki nake yi. Ranar Asabar na kai ta wani fili a Kamazou na kafa. Turakunta kamar fensir, uku suka lanƙwashe kafin ɗaya ya shiga ƙasa. Wajen la'asar hadari ya taso daga gabas, irin na farkon damina da ka sani in ba ka manta ba. Ko minti biyar ba a yi ba iska ta shiga ƙarƙashinta, ta ɗaga ta sama, hannunta ɗaya na ƙarfe ya karye ya daki rufin motar har ya loɓa. Daidai inda kujerar Baba za ta kasance ƙarfen ya faɗo. Na tsaya cikin ruwa ina kallon wurin. Da kana kusa ranar, da ba wasiƙa ka samu ba.

Rumfa ba a hoto ake zaɓenta ba. Ana tambaya ne: ina ƙofa take, wace irin ƙasa za a kafa a kai, daga ina iska ke zuwa? Ruwanmu ba daga sama kawai yake sauka ba, a karkace yake dukan mutum, dole sai da bango. Kwana biyu ni da Malam Ɗahiru muka yi tamu. Ƙarfe mai kauri, turakun rodi, rufin da gangare don kada ruwa ya taru, da bango ta gabas mai ɗaurewa da igiya. Jiya aka yi iskar da ta kwashe kwanon maƙwabcina. Tawa tana tsaye, ko ɗigo bai shiga ba.

To, ga inda abin ya fi ƙona mini rai. Baba ya riga ya gaya wa Fasto, ya gaya wa duk wanda ya zo duba shi, cewa autansa ya aiko masa da inuwa daga Ingila. Kwalin ma a ɗakinsa yake, ya hana a zubar. Ya ce a ƙarƙashinta zai zauna ranar Mama, mutanen gari su ga cewa ko ba ka zo ba, ba ka manta ba. Na duba fuskarsa, na kasa gaya masa ta karye. Sai na nemo tampol mai launin taka, na farke jakarta mai tambarin Turawa, na ɗinka a kan tawa da hannuna. Yau da safe muka fito da shi ya gani. Ya shafa ɗinkin da hannun hagu, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya juyo ya ce mini Turawa sun iya aiki, in tsaya in duba da kyau ko zan koyi wani abu. Na ce masa to, Baba, zan koya.

Saboda haka ga aikinka, guda ɗaya ne, kuma kada ka ɓata shi kamar yadda ka ɓata na farko. Ranar Lahadi in ka kira, Baba zai yi maka godiya. Ka karɓa. Kada ka ce uffan, kada kunya ta kama ka ka fara bayani. Lizzy da Scholastica sun sani, sun yi alkawari za su kama bakinsu. Haƙurin da za ka ba ni kuma ka riƙe shi sai ka zo gida, a shago nake son jin sa, a gaban waɗanda suka ji saƙon.

Ka gaishe mini da matarka Becky, ka ce mata ba da ita nake ba. Ka shafa mini kan Sam da ƙanwarsa. Malam Ɗahiru yana gaishe ka, har yanzu dariya yake yi. Ubangiji ya kiyaye mu duka.

Ni ne yayanka,
Yakubu mai tampol.