Ƙofar da Ke Buɗe Kanta

Litinin, 15 ga Janairu, 2007

Yau ma na tarar da ƙofar tankin mai a buɗe. Da hannuna na rufe ta jiya, har na danna. Motar da ko wata biyu ba ta yi a hannuna ba. Gidajen mai daga Kura har Kwanar Dawaki a rufe suke, kowa na neman fetur kamar ruwa a rani, ni kuma tawa tana kwana a ƙofar gida baki buɗe. Allurar mai kamar ta sauka. Kamar.

Laraba, 17 ga Janairu

Injin ban-ruwan kowa ya yi shiru a layinmu, ban da na Bilya. Tun safe yake kuka a cikin tumatirinsa. Maƙwabcina, katanga ɗaya, tare muka yi makarantar allo. Ina ya samu mai? Ban ce komai ba. Tambaya kawai nake.

Asabar, 20 ga Janairu

Bilya ya same ni ina duba motar. Ba wanda ya kira shi. Ya sa yatsa a maƙalar ƙofar tankin, ya ce, "Suhaibu, harshen nan ya cinye, ba ya kamawa. Ka sa a duba sauran ƙofofin ma." Yaushe Bilya ya zama makanike? Kuma yaya aka yi yatsansa ya san wurin haka? Na ce masa na ji.

Na faɗa wa matata Zuliha. Ta ce, "Malam, zato fa zunubi ne." Ita da matarsa Hajara ba sa rabuwa, me za ta ce dama.

Juma'a, 26 ga Janairu

Bayan masallaci, a majalisa, na ce akwai ɓeran da ke shan fetur a unguwar nan, kuma ba daga nesa yake zuwa ba. Aka yi dariya. Bilya bai yi ba. Ya kalle ni, ya sa takalminsa, ya tafi. Mai gaskiya zai tashi?

Talata, 30 ga Janairu

But ɗin motar ya buɗe a kan kwalta, dab da Kwanar Gafan. Kwandunan tumatir suka zube, tirela ta bi ta kai. Titi ya yi ja kamar an yi yanka. Na tsaya ina tsince wanda ya tsira, mutane suna ta sannu. Ni na rufe but ɗin nan, na ji ƙararsa. Sai dai motar ta kwana a waje, kuma akwai wanda na ɓata wa rai ranar Juma'a.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

'Yata Saliha tana asibitin Kura. Ba zan iya rubutu yau ba.

Talata, 6 ga Fabrairu

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan daina ganinsa in na rufe ido. Za mu Bunkure gaisuwar rasuwa. Inno, mahaifiyata, a gaba, Zuliha da Saliha a baya. A hanyar bakin kanal, inda ramukan nan suke, na rage gudu. Na ji ƙas, sai ihun Zuliha. Ƙofar baya ta dama ta wangale, yarinya babu. Na same ta a gangaren kanal, taku kaɗan tsakaninta da ruwa, ba ta ma iya kuka ba. Hannun hagu ya karye, goshi ya fashe. Shekararta bakwai.

Inno ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Kai, ni na gama shiga wannan abin."

Na tambayi Zuliha ko yarinyar ta taɓa hannun ƙofar. Ta ce rake take sha da hannu biyu. Na sake tambaya. Ta ce, "In ka ƙara tambayata, gidanmu zan tafi."

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Bilya ya zo asibiti da ƙwai a leda. Ya tsuguna wajen gadon, ya ce wa Saliha, "Sannu uwata." Ni ya ce min ya mai jiki, na ce da sauƙi. Shi ke nan. Na yi ta kallon fuskarsa ko zan ga wani abu. Ban san abin da na gani ba.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Na je Kano wajen dilan da ya sayar min da motar. Ya bar ni a benci har azahar. Da na gama bayani ya ce, "Malam, yara ne da wasa da ƙofa. Mota 'yar Beljiyam, Bature ya hau ta shekara goma ba ta jefar da ɗansa ba." Na ce but fa? Ya ce lodi na yi mata. Ƙofar tanki fa? Ya ce in bincika maƙwabtana. Wannan maganar ta daki ƙirjina, ban san dalili ba.

A bakin get na ga mota irin tawa sak, an ɗaure ƙofar bayanta da igiyar roba. Mai ita Ibrahimu, direba daga Dawakin Kudu. Ya ce tasa ta zubar da fasinja a Kumbotso, tsoho, Allah ya sa a tsaye ake. Na tambaye shi ƙofar tanki. Ya yi dariya, ya ce, "Ai wannan da kanta take gaisawa da mutane. Rana ta yi zafi ta buɗe, sanyi ya sauka ta buɗe." Ya san wasu masu irinta, duk daga wajen mutumin nan, duk ciwo ɗaya.

Ban yarda da shi nan take ba. Wa ya sani ko yaron dilan ne, an ajiye shi ya ji abin da zan yi. Sai da ya ɗaga riga ya nuna min inda 'ya'yan tsohon suka dake shi.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Mai gyaran ƙofa a Kura ya kwance maƙalun duka. Ya juye min su a tafin hannu: tsatsa, sifirin ya mutu, an shafe da giris baƙi don kada a gani. Ya ce wannan ba aikin jiya ba ne, ba kuma na wata biyu ba, da haka ta shigo ƙasar. Na ce ba zai yiwu wani ya taɓa ba? Ya ce, "Wa zai taɓa, Malam? Sai dai ruwan teku."

Dila ya sani. Giris ɗin nan ba Bature ya shafa ba.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Zuliha tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce ragon da Bilya ke turka don sunan cikin Hajara ya sayar tun watan jiya, ya sayi mai wajen 'yan bumburutu don kada tumatirinsa ya ƙone. Na ce wa ya tambaye ta. Ta ce babu.

Allurar man ma ashe ba ta aiki daidai. Wannan wani zancen ne.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Mun haɗu da Ibrahimu da mutum biyu. Ni zan rubuta takardar koke zuwa ofishin da ke sauraren masu saye, tunda ni ne malamin gona, wai na iya biro. Ba na tsammanin za su karanta. Ƙila ma dilan yana da mutum a ciki. Zan rubuta dai, in riƙe kwafi.

Asabar, 24 ga Fabrairu

An koma da Saliha a duba ɗaurin. Ta ƙi shiga motar sai in ina kusa da ita a baya, duk da an sa sababbin maƙalai. To wa zai tuƙa? Na leƙa ta katanga, na kira Bilya. Ba don komai ba, shi ne kusa.

Ya karɓi makulli. Har Kura ni ina riƙe da yarinya, ɗaya hannun a ƙofa. A dawowa ya saya mata lemo. Da muka tsaya a ƙofar gida ya ce, "Suhaibu, sitiyarin nan ma yana ja hagu."

Ban gwada ba. Na dai ƙara shi a takardar.