Takardar Gwajin Jinin da Baffana Ya Ɓoye

Anti Bara'atu, ki taimake ni kafin 24 ga Afrilu.

Ranar Talata, 13 ga Maris 2001, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, aka ɗebi jinin mahaifina a wani ƙaramin asibiti a Agege. Mahauci ne a mayankar Oko-Oba, shekararsa sittin da uku, an kwantar da shi da limoniya. Ina Zariya a lokacin, na je karɓo takardar kammala karatuna. Gwajin jini na karanta, Anti.

Asibitin ba su da injin gwajin, sai aka ba ƙaninsa, Baffa Talle, kwalbar ya kai waje. Hatimin da ke kan takardar sakamakon ya nuna ya karɓe ta ranar Laraba, sha biyu saura ashirin. Yuriya, wato dattin da ƙoda ke tacewa, ta kai goma sha bakwai, alhali bai kamata ta wuce bakwai ba. Fararen ƙwayoyin jini sun sauka zuwa dubu uku da ɗari. An koya mana mai irin wannan sakamako shi ake matsowa da shi kusa da likita, a ƙara masa ruwa, a sake magani.

Likita bai taɓa ganin takardar ba. Mai gwajin ya gaya wa Baffa abin ya yi tsanani, shi kuma ya ɗauka an gama. Ƙarfe ɗaya ya dangwala hannu ya fitar da Baba, ya shiga da shi gaban tirelar shanu mai komawa Arewa, wai ya cika a Gumel cikin dangi. A Mokwa ya cika, hantsin Alhamis. Waɗanda ba su san shi ba ne suka yi masa sutura.

Matar Baffa ce ta tsinci takardar a aljihunsa za ta yi wanki, ta kawo mini in duba ko mai amfani ce. Shi kuwa yana zaune a tabarma yana karɓar gaisuwa, ana yaba masa zumunci.

Na fassara ta da Hausa, na buga kwafi sittin. Ranar sadakar arba'in, 24 ga Afrilu, zan miƙa wa kowa a hannunsa, har Sarkin Fawa. So nake Baffa ya kasa ɗaga kai a Oko-Oba, ya tattara ya koma Gumel ɗin da yake so. Umma ba ta sani ba, kuma a gidansa take takaba. Na san ranar za mu bar gidan, ban damu ba.

Ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Ban san kalmomin da mai gwajin ya yi amfani da su ba, ko da Yarbanci ko da Turanci. Ban san ko likita ya hana fitar ba. Ban san ko da Baba zai tashi in an bar shi ba. Ban san ko shi ne ya roƙa a kai shi gida ba.

Wadda ta makara, Agege

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki.

Na nuna wa wani likita lambobinki. Ya ce kin karanta daidai: haɗari suke nunawa, kuma fitar da shi kuskure ne babba. Ya ƙara da cewa masu irin wannan jini wasu suna tashi, wasu kuma suna rasuwa a gadon asibiti duk da kulawa. Takardar ba ta ce zai mutu ba, nan Baffanki ya kuskure. Ba ta kuma ce zai rayu ba, nan kike shirin kuskurewa.

Fushinki yana da hujja. Bai kamata ya ɓoye wa likita ba, kuma shirun da ya yi muku bayan rasuwa laifi ne na biyu. Amma mun san yadda dattawanmu a Ikko ke tsoron a binne su nesa da gida. Wanda ke neman rabuwa da ɗan'uwansa ba ya rungume shi daga Agege har Mokwa.

Kada ki raba takardun nan. Mahaifiyarki za ta fara jin labarin a bainar jama'a tana cikin takaba, kuma ita za ta rasa wurin zama. Ki gaya mata da bakinki makon nan. Ki je asibitin ki nemi ganin likitan. Sannan ki sa limamin unguwarku ya zaunar da ke da Baffa, ki ajiye masa kwafi ɗaya, ki karanta masa ma'anarta, ki yi masa tambayarki ta ƙarshe, ko mahaifinki ne ya roƙa a kai shi gida. Ki shirya wa amsar, don mai yiwuwa umarnin yayansa ya bi. In haka ne, da mahaifinki kike fushi, kuma shi addu'a kawai za ki iya kai masa.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sa albarka a karatunki.

Anti Bara'atu