Wayata da Ɗan Jakin Dawa

Litinin, 3 ga Yuli
Lemayian, ɗan ƙanwata, ya sake zuwa da kakinsa na masu gadin dawa. Wai duk maƙwabta sun tsige shingensu don namun gandun dajin Mara su riƙa bi har rafi, nawa kaɗai ya tokare hanya. Na ce shanu uku na sayar na ja wayar nan, ba don jakunan dawa su cinye min ciyawa ba. Ya sha shayina kofi biyu ya tafi.

Alhamis, 6 ga Yuli
Wani ɗan jakin dawa ya kutso ta ƙarƙashin waya, uwar ta kasa biyo shi. Ya manne wa jakanyar matata Nashipae. Ita kuma sakarar ta karɓe shi, ba ta da nono ko ɗigo.

Juma'a, 7 ga Yuli
Na je in kama shi in tura shi waje. Jakanyar ta harbe ni a cinya. Shekara bakwai tana cin ciyawata.

Lahadi, 9 ga Yuli
Jakanyar ta ƙi zuwa rafi ɗaukar ruwa ba tare da shi ba. Nashipae ta ce, "Baban Siamanta, ko ka buɗe waya, ko ka ɗauki jarka." Na ɗauki jarka. Maƙwabcina Parsaloi ya tare ni a hanya, wai nawa ake hayata, shi ma matarsa na neman jaki.

Litinin, 10 ga Yuli
Uwar na nan bakin shinge, kwana huɗu ke nan. Ɗan ya rame, ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ba ruwana. Na kasa cin tuwo dai, gishiri ya yi yawa.

Talata, 11 ga Yuli
Waya ta tsinke. Tsatsa ce. Ta wajen rafi ma ta tsinke, duk da safen nan. Ɗan ya ruga wajen uwarsa ya kama nono, ko waiwayen wadda ta harbe ni dominsa bai yi ba. Lemayian ya dubi bakin wayar, ya dubi filayar da ta leƙo daga mayafina, ya ce, "Kawu, tsatsar nan ta iya yanka." Ban ba shi shayi ba.

Jakanyar ta tsaya a gurbin har rana ta faɗi, tana kallon inda suka bi. Na tsaya tare da ita. Don kada ta ɓata ne kawai.