Katakon da Ya Karya Bayan Kawu Tanimu Yana Gubuchi

Zuwa ga Alhaji, mai babban shagon kayan gini a Makarfi, wanda masu wannan sana'a daga Ikara har Kudan suke kira shugabansu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar da ta dace da shekarunka, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ban rubuta sunanka ba saboda 'ya'yanka mata da muka yi makaranta tare, su ba su yi mini komai ba. Amma ka san da kai nake.

Ni ce Rabi'atu, 'yar Malam na Kurmin Kogi, wanda ka ɗauki karatu a zaurensa kana saurayi. Shekara bakwai ke nan ina aikin jinya a wani asibiti a Saudiyya, a sashen masu karaya. Na kira wayarka har na gaji, ka daina ɗauka. Na aiko ƙanena Sadisu, ka bar shi tsaye a bakin shago kana lissafin ƙusa. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Ga yadda muka haɗu, don masu karatu su gane. Zauren Malam na ƙasa ne, ya tsage tun daminar bara, almajiransa manya suna karatu suna ɗaga kai suna duban rufi. Na yi niyyar gina masa sabo na bulo, mai tsayi, saboda iska. Wanda ke ƙasar waje ba ya iya murza bulo a hannu ya ji ƙwarinsa, sai abin da aka nuna masa a waya. Sadisu ya yi mako uku yana yawo a babur, yau Ikara, gobe Kudan, yana haska mini rodi da siminti. Da ya iso wurinka, kai da kanka ka karɓi wayar ka ce, "'Yar Malam, kwantar da hankalinki. Ginin malamina ne, da hannuna zan zaɓi kayan." A kan wannan maganar na daina nema. Aikin kuwa Kawu Tanimu ne ya karɓa, ƙanin mahaifiyata, wanda ya haura shekara talatin yana gini.

Na ɗaya, siminti. A lodin farko Kawu ya buɗe buhu ya tarar da rabinsa ya daskare kamar dutse, bakin buhun kuma an sake ɗinke shi da zare. Ka ce laifin direba ne, ruwa ya taɓa shi a hanya. Lokacin ko hadari bai fara haɗuwa ba, Alhaji. Mun bar maganar saboda ka canza buhunan.

Na biyu, rodi. Mun ce mai kaurin milimita sha biyu muke so, ka aiko da wanda Kawu ya lanƙwasa a gwiwarsa ba tare da ya yi nishi ba. Da na kira ka, dariya ka yi, ka ce mace da ke bayan teku me ta sani a ƙarfe, in tsaya a kan allurata. Na haɗiye wannan ma.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Da gini ya kai linta, wato saman ƙofa da taga, aka zo wurinka hayar katakon da magina ke haɗa dandamali su taka. Ka ba da guda goma sha biyu, duk busasshen siminti ya lulluɓe su, ba a ganin jikin icen. Kawu ya ƙwanƙwasa ɗaya da guduma ya ji yana amsawa kamar ganga. Ya aiko maka cewa gara ta cinye cikinsu. Amsarka ta saƙon murya, Sadisu ya ajiye ta a wayarsa har yau: "Da su aka gina rabin Makarfi. In kawunku tsufa ya kama shi, ya sauka ya ba yara wuri." Ka kuma ce za ka canza bayan cin kasuwa. Kasuwa ta ci sau biyu, ba ka canza ba.

A nan zan faɗi nawa laifin, don kada ka riga ni. Ni na matsa a gama rufi kafin ruwa ya sauka. Kullum sai na kira na tambayi inda aka kwana. Kawu mutum ne mai kunyar 'yar 'yar'uwarsa, bai iya ce mini a dakata ba. Ya ɗora katako biyu a kan juna, ya ƙara ƙusa, ya hau. Wannan nauyin yana wuyana, kuma na roƙi gafararsa ina kuka. Amma ni ban san cikin katakon ba. Kai ka sani. Shekara nawa suna jingine a bayan shagonka, ruwa na dukansu?

Ranar wata Talata da hantsi, yana ɗora bulo a saman bangon gabas, duka biyun suka karye a lokaci ɗaya. Ya faɗo da baya a kan tarin bulo. Ina bakin aiki Sadisu ya kira ya gaya mini. Abin da na fara faɗi shi ne kada kowa ya ɗaga shi, a nemo ƙyauren ƙofa a kwantar da shi a miƙe. Sadisu ya ce, "Yaya, ai har mun sa shi a mota." Mutum huɗu suka ɗauke shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, bayansa na lilo, suka zaunar da shi a akori-kura har Zariya. Aikina ke nan kullum, na san abin da wannan ɗauka take yi wa ƙashin baya. Na tsaya a barandar asibitin mutane, da farar riga, ina jin kawuna yana salati ta waya, ba abin da zan iya.

Wata huɗu ke nan. Ƙafar dama ta fara motsi, ta hagu shiru. Mutumin da ke hawa bango kamar ƙadangare, yau matarsa Inna Lami ce ke juya shi a katifa. Gonar rakensa maƙwabta ne suka taimaka suka sare. Malam kuwa ya ƙi shiga sabon zauren. Ya ce ba zai buɗe littafi a ƙarƙashin bangon da ƙanin matarsa ya faɗo ba, sai ranar da Tanimu ya shigo da ƙafarsa.

Na huɗu, abin da ka yi bayan haka. Ba ka je asibiti ba. Ba ka je gida ba, alhali daga shagonka zuwa Kurmin Kogi ba tafiyar yini ba ce. Da aka gaya maka, cewa ka yi ƙaddara ce, kowane magini da ranarsa. Ni 'yar malami ce, ba kai za ka koya mini ƙaddara ba. Mun yarda da ita, mun kuma san wanda ya ga rami ya tura mutum ciki ba ya fakewa da ita. Abin da ya fi ƙona mini rai, washegarin faɗuwarsa da sassafe motarka ta zo ta kwashe sauran katako goman, ko sannu direban bai ce ba. Makon jiya Sadisu ya bi ta Gubuchi ya gan su da idonsa, an kafa su a jikin wani bene, mutum uku a kai. Ya gane su da jan fentin da kake shafa wa kayan hayarka. Ya tsaya ya gaya wa maginan, suka ce sun ji, amma mai gini ya riga ya biya haya, in sun sauka wasu za a kira.

Ka saba cewa mu na waje kuɗi ne da mu ba ido, duk abin da aka loda mana sai mu ce an gode. To, ga ido ya buɗe. Kuma ba mu muke hawa katakonka ba. Talakawan garinku ne, waɗanda kuke sahu ɗaya da su ranar Juma'a.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ka aika Gubuchi yau, ba gobe ba, a sauke mutanen nan, ka kai musu katako mai rai. Ruɓaɓɓun kuma a faskara su a gaban shagonka kowa na gani, a ba masu tuyar ƙosai. Ka tara 'yan ƙungiyar da kake shugabanta ku yi doka cewa duk katakon haya sai an kankare shi magini ya gwada kafin a loda, wanda ya ƙi ya dawo da shi ba gardama. Sannan ka taka da ƙafarka ka je ka durƙusa gaban Kawu Tanimu, ka maimaita masa maganar tsufan nan in za ka iya, in ba za ka iya ba ka nemi afuwarsa. Kuɗin magani ban tambaye ka ba, ina iyawa.

In Juma'a ta zagayo katakon nan na tsaye, Sadisu zai kai saƙon muryarka gaban hakimi da hukuma, ni kuma zan rubuta ta biyu da cikakken sunanka da na shagonka. Magina na Ikara, Makarfi da Kudan, ku ma ku ji: ku ƙwanƙwasa kafin ku taka, in ya yi ƙarar ganga ku sauka, ko ginin wane ne, ko da nawa ne.

Ina roƙon Allah Ya shirye ka, Ya tsarkake kasuwarka daga haram, Ya sa ka gyara tun kana da iko. Allah Ya tsare 'ya'yanka da jikokinka daga hawa irin abin da ka ba kawuna. Shi kuma Allah Ya tashi kafaɗunsa.

Wassalam.

Rabi'atu 'yar Malam, Kurmin Kogi.