Na Datse Amsoshin Baba, Kuma Bai Sani Ba

Goggo, don Allah ki taimake ni da shawara kafin makonni uku su cika. Ba wani bala'i ne ya same ni ba, alhamdu lillahi, aikina ma tafiya yake fiye da yadda na zata. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Ni mai haɗa manhaja ce. Mu biyar ne a wani ɗan ofis a saman shagon gyaran waya, muna gina manhajar karatu ta 'yan sakandare. Ɓangarena shi ne akwatin bincike, inda ɗalibi zai rubuta tambaya ya samu amsa. Da farko abin ya ba ni kunya. Na koya masa kalmomin littafi, yara kuma ba da kalmomin littafi suke tambaya ba. Yarinya za ta rubuta cewa me ya sa cokali yake kamar ya karye a cikin kofin ruwa, sai akwatin ya ce bai samu komai ba, alhali darasin haske yana nan a ciki.

Mahaifina ne ya fitar da ni. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da kimiyya. Yana da wani gwangwanin madara da ya tsaga wa murfi, yana ajiye shi a tagar aji, duk mai jin kunyar ɗaga hannu sai ya rubuta tambayarsa ya jefa, ba suna. Ashe bai taɓa zubar da takardun nan ba. Suna cikin tsohuwar jaka a saman kabad, an ɗaure na kowace shekara da roba. Inna ta daɗe tana barazanar kai su bola. Da na kwashe su na shigar a kwamfuta, sai akwatina ya fara gane yadda yara suke magana. Ogana har ya tashi ya tafa mini.

Daga nan na roƙi Baba ya rubuta mana amsoshi. Goggo, da kin ga yadda mutumin nan ya farfaɗo! Wanda tun da ya yi ritaya ba ya da aiki sai rediyo da faɗa da kaji, yanzu da safe yana kan tebur da biro. Amsa ɗari huɗu da wani abu ya rubuta da hannu cikin wata takwas. Inna ta ce na dawo mata da saurayinta.

Matsalar ita ce Baba ba ya ba da amsa a farko. Zai fara da mayar wa yaro tambaya, ya ce shi me yake tsammani, sannan ya tura shi ya ɗauko kofi da ruwa ya gwada, amsar kuwa tana can ƙarshen shafi na biyu. Haka ya yi mana mu ma a gida, har yau ina tuna haushin. Da muka gwada da ɗalibai arba'in, yawancinsu ba su wuce layi na biyar ba suka rufe. Sai na ɗauko amsar na mayar da ita sama, na datse ta zuwa layi huɗu, sauran bayaninsa na tura ƙarƙashin wani maɓalli. Yanzu yara suna son abin. Amma da ƙyar ɗaya cikin goma yake danna maɓallin.

Ban gaya masa ba. Za a buɗe manhajar nan da mako uku, an gayyace shi taron buɗewar, shi ma ya gayyato abokansa biyu tsofaffin malamai, yana gaya musu cewa a wayar 'yarsa ba a ba yaro amsa a baki. Yayana ya ce in yi shiru, wai Baba ko saƙo ba ya iya buɗewa sai da tabarau biyu. Ni kuma har na fara tunanin in haɗa wani kwafi na musamman in sa a wayarsa, mai nuna amsoshinsa yadda ya rubuta. Aikin rabin yini ne. Shin in yi hakan, ko in gaya masa in ɓata masa rai a daidai lokacin da ya fi farin ciki?

'Yar Malam

'Yar Malam,

Na ji daɗin wasiƙarki, domin ba kullum nake samun wadda matsalarta ta fito daga nasara ba. Bari mu fara da abu mai sauƙi: kada ki haɗa kwafin nan. Abokan mahaifinki suna da waya, jikokinsu ma suna da ita. Ranar da ɗayansu ya nuna masa abin da kowa yake gani, datse amsa zai zama ƙaramin laifi a kan yaudarar da aka zauna aka tsara masa. Shawarar yayanki ma ta gaza a wuri ɗaya. Mutumin da ya gyara takardun ɗalibai shekara talatin zai gane an taɓa rubutunsa ko da tabarau ɗaya.

Ba na ganin kin yi kuskure da kika datse. Kin gwada, kin ga yara suna gudu, kuma bayanin da ba a karanta ba bai koyar da kowa komai ba. A aji mahaifinki yana da ƙofa da ƙararrawa, yaro ba ya fita sai an tashi. A waya babu ƙofa. Kuskurenki ɗaya ne: kin yanke hukunci a kan aikinsa ba tare da shi ba. Wannan za ki ba shi haƙuri a kai, ba datsewar ba.

Amma ki saurari ɓangarensa, domin yana da hujjar da lissafinki bai taɓo ba. Kin auna yaran da suka tsaya suka karanta. Ba ki ce mini kin auna waɗanda suka tuna amsar bayan mako guda ba. Mai yiwuwa amsar da ta zo ba tare da tunani ba ta tafi yadda ta zo. Ke ba ki sani ba, ni ma ban sani ba, shi ma zato yake yi, ko da zato ne mai shekaru.

Saboda haka ki je masa a makon nan, ku biyu, ba a gaban Inna ko yayanki ba. Ki nuna masa sakamakon gwajin yadda yake. Malamin kimiyya ne, yana iya jin zafi, amma zai yi wuya ya ƙi hujja. Sannan ki miƙa masa aiki. Ki roƙi oganki ku raba ɗalibai gida biyu, waɗannan su ga taki, waɗancan su ga tasa, bayan kwana bakwai shi da kansa ya yi musu tambayoyi. Ki kuma ba shi layuka huɗun nan ya gyara da hannunsa, ya ƙara na biyar, tambayar da za ta sa yaro ya ji dole ya danna maɓallin. Ina zargin ya fi ku duka biyar iya wannan. Zai yi fushi na kwana biyu, wataƙila kaji su ji a jikinsu, amma zai shiga taron a matsayin wanda ya san aikinsa, ba baƙon da ake ɓoye wa magana ba.

Idan kuma bakinki ya yi nauyi, na lura ba ki ce an yar da gwangwanin ba. Ki rubuta a guntun takarda cewa ɗaliba ta taɓa aikin malaminta ba da izini ba, tana neman hanyar gyarawa. Ki jefa, ki ajiye masa a kan tebur. Zai gane rubutun. Kuma kin san halinsa, ba zai ba ki amsa a farko ba, zai tambaye ki ke me kike tsammani. Ki tafi da amsarki a shirye.

Allah ya sa a buɗe lafiya, ya ƙara wa Malam lafiya da tsawon rai.

Goggo